Shin ganganci ne a ci gaba da tayar da jiragen da suka haura shekara ɗari a Old Warden?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibi da ke karatun injiniyancin jiragen sama a jami'ar Cranfield ta ƙasar Ingila. Ya ce abokan karatunsa sun ba shi labarin wani gidan adana tsofaffin jirage da ke ƙauyen Old Warden, ba nisa da makarantarsu, inda har yanzu ake tayar da jirgin da aka ƙera a 1909. Abin da yake son sani kashi biyu ne. Na farko, shin ba ganganci ba ne a ɗauki abin da ba shi da na biyu a duniya a miƙa wa iska, alhali a wasu gidajen tarihi ko taɓa kaya ba a bari a yi? Na biyu, jirgin da ya shekara ɗari yana shan gyara, me ya rage na asali a jikinsa har da za a ce shi ne?

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma masu kula da gidajen tarihi na jiragen sama sun daɗe suna ja-in-ja a kanta, har yau bakinsu bai zo ɗaya ba. Ni dai ra'ayina shi ne, ga mafi yawan jiragen da ke Old Warden, tayar da su shi ne hanyar adana su, domin katako da ƙarfe suna iya jira a cikin rumfa shekara da shekaru, amma sanin yadda ake sarrafa su yana tafiya ne tare da masu shi. Duk da haka akwai 'yan ƙalilan da nake ganin zamansu a ƙasa ya fi alheri, kuma wanda na fi jin tsoro a kansa ba shi ne wanda kake zato ba.

Sai ka fara sanin asalin wurin, don shi ne ya bambanta shi da manyan gidajen tarihi na hukuma irin na sojan saman Birtaniya da ke Hendon, a arewacin Landan, da Cosford. Wannan tarin jirage, wanda ake kira Shuttleworth Collection, gadon gida ɗaya ne, yana kusa da garin Biggleswade a gundumar Bedfordshire, kimanin kilomita 75 arewa da Landan. Kakan gidan, Joseph Shuttleworth, ya yi arzikinsa a birnin Lincoln wajen ƙera injunan tururi da na sussuka, ya sayi gandun Old Warden a 1872. Jikansa Richard Shuttleworth an haife shi ranar 16 ga Yuli 1909, kwana tara kafin Louis Blériot ya ƙetare ruwan da ya raba Faransa da Ingila a jirgin sama. Da gadon ya shigo hannunsa a 1932 yana ɗan shekara 23, sai ya zuba shi a tseren mota da tuƙin jirgi. Ya ci tseren Donington na 1935 a motar Alfa Romeo, sannan wani mummunan haɗari a Afirka ta Kudu a farkon 1936 ya raba shi da tsere, ya koma bin rumbuna da wuraren 'yan gwangwan yana sayen tsofaffin jirage da motocin da kowa ya yar. Abin da ya raba shi da masu tara kaya don ado shi ne, duk abin da ya saya sai an gyara shi ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa. Ya rasu ranar 2 ga Agusta 1940 yana da shekara 31, lokacin da jirgin soja ƙirar Fairey Battle da yake atisayen dare da shi ya faɗi a Oxfordshire. A 1944 mahaifiyarsa Dorothy ta mayar da dukiyar gidauniya don koyar da ilimin jiragen sama da na noma, aka kuma buɗe wa jama'a ƙofa a 1963. Saboda haka tun daga tushe ba wurin ajiya aka nufa da shi ba, makaranta aka nufa, kuma jirage kusan hamsin da ke rumfunansa a yau mafi yawansu suna tashi.

Jirgin da abokanka suke nufi shi ne Blériot XI, irin wanda ya ƙetare ruwan nan ranar 25 ga Yuli 1909, amma ba shi ɗin ba ne, don wancan yana ajiye a Faris. Na Old Warden ya yi aikin koyar da tuƙi a Hendon, ya faɗi a 1912, ya sha zaman ajiya, har ya zo hannun Richard a 1935 tare da wani jirgin Faransa ƙirar Deperdussin na 1910. Shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake barin ƙasa. Nauyinsa bai wuce kilo 230 ba in babu matuƙi, injinsa ƙirar Anzani ne mai silinda uku da ƙarfin doki kimanin 25, kuma ba shi da ƙananan faifan nan da ke motsi a gefen fiffike waɗanda jiragen yau suke karkata da su. Idan matuƙi yana son karkata, wayoyi yake ja su murɗa fiffiken gaba ɗayansa. To, abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne yadda ake tayar da shi. Ba ya zagaya filin, ba ya kuma yin sama. Ana jira ne har ƙarshen yini, lokacin da iska ta kwanta sarai, sai ya ɗaga 'yan mitoci, ya miƙe sambal bisa titin ciyawa, ya sauka kafin titin ya ƙare. Idan iska ta ƙi kwanciya, ranar ba za a fito da shi ba, ko da 'yan kallo sun zo daga wata uwa duniya dominsa. A cikin na kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Blackburn na 1912, wanda shi ne jirgin Birtaniya mafi tsufa da ke tashi, shi akan bari ya zagaya fili, domin injinsa na da ƙarfin doki 50, kuma yana jin linzami fiye da 'yan'uwansa. Wanda ya ga irin wannan taka-tsantsan da wuya ya kira shi ganganci.

Injin Blackburn ɗin nan shi ne hujjata mafi ƙarfi, kuma a matsayinka na mai koyon injiniyanci ya kamata ka tsaya a kansa. Ƙirar Gnome ne mai silinda bakwai, daga dangin injunan da ake cewa masu juyawa. A injin mota, jikin inji yana tsaye ne, karanshaf yana juyi a cikinsa. A wannan kuwa an juya lamarin: karanshaf ne aka ɗaure a jikin jirgi, silindojin kuma aka haɗa su da farfela, suna juyawa tare kimanin sau 1,200 a minti ɗaya. Dabarar ita ce iska ta sanyaya su ko jirgi na tsaye, kuma nauyinsu ya daidaita juyin, ba sai an ƙara wani ƙarfe ba. Amma dabarar ta zo da nata wahalhalun. Man shafawa ba ya komawa tanki, yana shiga ne tare da fetur ya fice tare da hayaƙi, shi ya sa ake amfani da man zurma, wanda fetur ba ya narkar da shi, kuma shi ya sa matuƙan wancan zamani suke sauka fuska da riga duk maiƙo. Yawancin irin waɗannan injuna ba su da totur na kirki. A wasu, matuƙi yana daidaita iska da fetur da hannu, kowanne da sandarsa, yana sauraron ƙarar inji don ya san ko haɗin ya yi, idan kuma zai sauka sai ya riƙa danna wani maɓalli yana yanke wutar fulogi yana saki. In ya daɗe da dannawa, fulogi su jiƙe da mai, inji ya mutu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ga kuma nauyin ƙarfen da ke juyawa a gaba, wanda a jirage irin su Sopwith Camel yake sa hanci ya nemi dukawa in an juya dama, ya nemi ɗagawa in an juya hagu.

Duk wannan da na zayyana yana cikin littattafai, amma karanta shi daban, iya shi daban. Babu littafin da zai koya wa kunne bambancin ƙarar injin da fetur ya yi masa yawa da wanda ya yi masa kaɗan. Babu hoton da zai koya wa mutum inda zai tsaya, da yadda zai kama farfela ya wurga ta da hannu ba tare da ta sare shi ba, da lokacin da za a zare waigi daga tayoyin jirgin da ba shi da birki. Waɗanda suka yi wannan aiki a 1916 babu ko ɗaya da ya rage. Abin da ya sa sanin bai bi su ba shi ne, a 'yan wurare ƙalilan irin Old Warden ba a taɓa daina yinsa ba, makanike yana koya wa yaronsa, tsohon matuƙi yana koya wa sabo. Matuƙan wurin ma ba daga sama suke faɗowa kan Blériot ba, ko da kuwa ƙwararrun masu gwajin jiragen yaƙi ne, kamar yadda da yawansu suke. Sukan fara ne da jirage masu sauƙin hali, su yi shekaru suna hawa mataki-mataki kafin a damƙa musu mafiya tsufa. Gidan tarihin da ya rataye jirginsa a rufi ya tsare siffarsa ne kawai, kuma bayan ƙarni ɗaya ba za a sami wanda zai iya cewa ga yadda abin yake aiki ba.

Sai tambayarka ta biyu, wadda amsarta ba ta da daɗi ga mai son asali tsantsa. Jirgin katako ba a ƙera shi don ya dawwama da kayan da ya fito da su daga masana'anta ba. Yadin lilin da ake lulluɓe fiffike da shi, a ɗinke shi da hannu a jikin haƙarƙarin katako, a shafe shi da wani ruwan fenti mai sa shi ya ɗame, yana ruɓewa da rana da laima, kuma tun a zamaninsa ana sake shi. Gam ɗin da ake haɗawa da madara yana sakin katako idan damshi ya shige shi. Wayoyi suna tsatsa, tayoyi suna tsagewa. Saboda haka babu jirgin da ke tashi a Old Warden da yadinsa na farko, kuma a jikin kowannensu akwai katakon da kafintan wannan zamani ya fere. Lamarin ya fi kama da ginin ƙasa. Hasumiyar babban masallacin Agadas ba ta kai yau ba sai don ana sabunta yaɓenta a kai a kai, kuma babu mai hankalin da zai ce ba ita ba ce don ƙasar da ke fuskarta ta bana ce. Ranar da aka daina yaɓe don a tsare na asali, ranar aka sa mata wa'adin rushewa.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka duk tafiyar ɗaya ce, domin asali hawa-hawa ne, kuma a nan ne ya kamata mai ziyara ya buɗe ido. Akwai jirgi kamar DH.60 Moth mai lamba G-EBWD, wanda aka ƙera a 1928, Richard ya saye shi a 1932 ya zama jirginsa na farko, kuma tun daga lokacin Old Warden ne gidansa. Tarihin irin wannan bai taɓa yankewa ba, kowane gyara yana rubuce a littafinsa. Akwai jirgin soja Hawker Hind da aka ɗauko daga Afganistan a 1970, aka yi shekaru ana aikinsa kafin ya sake tashi a 1981. Akwai waɗanda kwafi ne, kuma ba a ɓoye haka ba, kamar Bristol Boxkite da Avro mai fiffike uku, waɗanda aka ƙera a shekarun 1960 don wani fim. Akwai kuma Sopwith Triplane da wasu masu sa kai suka ƙera daga zanen asali, aikin ya yi kyau har Thomas Sopwith da kansa, mai kamfanin da ya ƙera na asali, wanda ya rayu shekara 101, ya yarda a ɗauke shi a matsayin wanda ya fito daga masana'anta a makare. A can ɗaya gefen, a wasu wuraren, akwai jiragen yaƙi ƙirar Spitfire da aka tono daga rairayin gaɓar teku bayan shekara arba'in da wani abu, kamar mai lamba N3200 da ke gidan tarihin jirage na Duxford, wanda ya faɗi kusa da Calais a 1940, aka tono shi a 1986, ya sake tashi a 2014. Irin wannan kusan duk jikinsa sabo ne, abin da ya ɗauko daga tsohon shi ne lamba da tarihi da 'yan ƙarafa. Ban ga laifin ƙera shi ba, aiki ne na gwaninta. Laifi yana zuwa ne idan allon da ke gabansa bai gaya wa mai kallo gaskiyar abin da yake kallo ba.

Masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi su ma suna da hujja, kuma hujjarsu ba ta baki ba ce, tarkace ne da kaburbura. A 1964 jirgin yaƙi ƙirar Bristol Bulldog da ke hannun gidauniyar Shuttleworth ya faɗi yana wasan juyi a bikin Farnborough, ya yi kaca-kaca. Matuƙin ya tsira, amma sai bayan shekaru talatin da wani abu aka harhaɗa abin da ya rage aka kafa shi a Hendon, kuma ba zai sake tashi ba. Ranar 1 ga Yuli 2012, a Old Warden ɗin kansa, ƙaramin jirgi DH.53 Humming Bird na 1923 ya faɗi cikin iska mai kaɗawa, ya kashe matuƙinsa, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin jiragen wurin. A Duxford an yi shekara goma sha biyu ana gyaran jirgin yaƙi ƙirar Bristol Blenheim, ya tashi a watan Mayun 1987, ya tarwatse a watan Yuni na shekarar. Aka gyara wani ya tashi a 1993, shi ma ya yi haɗari a 2003, sai a 2014 ya koma sama. A 1996 jirgin yaƙi ƙirar Mosquito ɗaya tilo da ke tashi a duniya a lokacin ya faɗi a Barton kusa da Manchester da mutum biyu a ciki, kuma sai a 2012 aka sake ganin irinsa a sama. Mafi muni shi ne na Shoreham, ranar 22 ga Agusta 2015, inda jirgin yaƙi mai injin jet ƙirar Hawker Hunter ya faɗa kan babbar hanya ana cikin bikin tashi ya kashe mutum goma sha ɗaya da ba a cikin jirgin suke ba, abin da ya sa hukumar jiragen farar hula ta Birtaniya ta tsaurara ƙa'idojin irin waɗannan bukukuwa.

Idan ka bi waɗannan haɗurra ɗaya bayan ɗaya, za ka ga a mafi yawansu ba tsufan katako ne ya kayar da jirgin ba. Ko dai iska ce, ko juyin da aka nemi jirgi ya yi kusa da ƙasa don burge 'yan kallo, ko kuskuren hannu, ko matsalar mai. Wato haɗarin ya fi rataya ga abin da ake neman jirgin ya yi, fiye da shekarunsa, kuma wannan abu ne da ake iya ragewa da horo da haƙuri, ko da yake ba a iya kawar da shi ɗungurungum. Shi ya sa ban yarda da raba gardamar gida biyu ba, wai ko a tayar da duka ko a ajiye duka. Kowane jirgi da nasa hukunci. Wanda darajarsa ta rataya ga abin da shi kansa ya yi a wata rana guda, kamar jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 da ke Washington, ko Vickers Vimy da Alcock da Brown suka ƙetare tekun Atlantika da shi a 1919, wanda ke gidan tarihin kimiyya na Landan, wannan shaida ce, ba a wasa da shaida. Haka wanda ya kusa zama na ƙarshe a jinsinsa kuma yawancin jikinsa na asali ne. Misali LVG C.VI, jirgin Jamus na 1918, ya yi shekara kusan talatin yana tashi a Old Warden a matsayin aro, a 2003 aka tsayar da shi ya koma hannun gidan tarihin sojan sama, kuma a ganina an yi daidai.

Da ni ke da wuƙa da nama, jirgin da zan fara tunanin ajiyewa a Old Warden shi ne jan nan, de Havilland Comet mai suna Grosvenor House. Guda biyar kacal aka ƙera, kuma wannan shi ne ainihin wanda C. W. A. Scott da Tom Campbell Black suka ci tseren Ingila zuwa Ostireliya da shi a watan Oktoban 1934, daga Mildenhall zuwa Melbourne cikin awa 71, ƙasa da kwana uku, a lokacin da tafiyar jirgin ruwa take cin makonni. Jirgi ne na katako da aka ƙera don gudu kaɗai, da injuna biyu masu ƙarfin doki 230 kowanne, da siririn fiffike mai tsini. Farfelolinsa na wancan lokaci da famfon keke ake hura musu iska a ƙasa don su tsaya a kusurwar tashi, in jirgi ya ɗauki gudu su sauya da kansu, kuma ba sa komawa sai an sauka. Darasin da aka koya a jikinsa shi ya haifi Mosquito bayan 'yan shekaru. Sai dai siririn fiffiken nan yana iya sakin iska farat ɗaya idan gudu ya ragu, dogon hancinsa kuma yana tare wa matuƙi gaba lokacin sauka. Ya zo Old Warden a 1965, ya sake tashi a 1987, ƙafarsa ta karye wajen sauka a 2002, sai a 2014 ya koma sama. Masu goyon bayan tayar da shi za su ce an sake gina shi fiye da sau ɗaya, don tun a 1936 ya taɓa yin haɗarin da ya sa aka sayar da shi a matsayin tarkace, saboda haka babu wani asali mai yawa da za a yi asara. Na ji wannan. Amma Blériot yana ɗagawa ne 'yan mitoci a kan gudun da bai kai na babur ba, in ya faɗi kafinta zai tashe shi, shi kuwa Comet yana sauka ne da gudu a gajeren titin ciyawa, kuma shi ne shaidar tseren da kansa. Darasin da yake koyarwa a sama kwafi zai iya koyar da shi.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata ɗalibin injiniyanci ya lura da shi, wato jiragen da suka fi tsufa su ne za su fi daɗewa suna tashi. Avro Vulcan mai lamba XH558, babban jirgin yaƙi na zamanin cacar baka, an kashe dukiya mai yawa an dawo da shi sama a 2007, amma a watan Oktoban 2015 aka ajiye shi har abada. Ba faɗuwa ya yi ba. Kamfanoni uku da doka ta ɗora wa alhakin tabbatar da lafiyarsa ne suka janye, saboda injiniyoyin da suka san shi suna ƙarewa, kuma ya riga ya wuce awoyin tashin da aka taɓa gwada irinsa a kai. Jirgi irin wannan yana bukatar masana'anta sukutum a bayansa. Blériot kuwa kafinta yake bukata, da mai ɗinki, da mai fere ƙarfe, da makanike mai kunne. Muddin ana horar da mutum huɗun nan, babu ranar da za a ce ya tsaya. Ko English Electric Wren na 1923 da ke wurin, wanda injin babur mai cc 398 yake ja, wanda kuma irinsa ya yi tafiyar mil 87.5 da galan ɗaya na fetur a gasar Lympne, yana iya riga jirage masu injin jet da yawa ganin ƙarni na gaba.

Tun da daga gida ka fito, akwai abu biyu da za su ba ka sha'awa. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya, waɗanda suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Babu irinsu a Old Warden, sai ka je Hendon, amma Bristol Fighter na 1918 da ke wurin tsaransu ne, katako da yadi da waya, kuma ganinsa a sama zai nuna maka da irin abin da aka ratsa Sudan da Chadi a wancan lokaci. Na biyu, Sea Hurricane da ke wurin, wanda aka ƙera a Kanada, ɗan'uwan jiragen yaƙi na Hurricane ne da aka riƙa haɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau daga watan Satumban 1940, ana bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da El Geneina ta Sudan zuwa Khartum da Masar, sau da yawa Blenheim ɗaya yana gaba yana nuna hanya. Jirage fiye da dubu biyar ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943.

Game da ziyara, ana bukukuwan tashi ne daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma idan mafiya tsufan kake son gani, ka zaɓi bikin yamma, ka duba hasashen iska kafin ka sayi tikiti, ka kuma zauna har ƙarshe, domin su ake fitarwa bayan kowa. A nan za ka ga Westland Lysander baƙi, irin wanda rundunar da ke Tempsford, 'yan kilomitoci daga wurin, take kai 'yan leƙen asiri gonakin Faransa da shi cikin dare a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma don karatunka, na fi so ka koma a ranar da babu biki, ka nufi rumfar gyara, inda ake iya ganin jirgi an yaye masa yadi. Ka dubi yadda aka haɗa haƙarƙarin fiffike, ka gwada bambance tsohon katako da sabo, ka bi wayar da ke murɗa fiffiken Blériot daga sandar matuƙi har inda ta ƙare, sannan ka tambayi masu sa kai da ke wurin nawa ne na asali a jikin kowane jirgi, da shekarar da aka sake masa yadi na ƙarshe.